Maɗacin da Ba a Shafa wa Fenti Ba

Zuwa ga jikata, amaryar da ta gudu birni ta bar ni da tsufa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na kamfanin kujeru. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce ke yi mini tsiya da safe, in rana ta ɗaga sai mu shirya. Kunnen dama kuwa ya ajiye aiki gaba ɗaya, saboda haka kada ki ƙara aiko mini da saƙon wai in riƙe waya. Abin da za a yi ta ihu a ciki kamar ana kiran akuya, ba da ni ba. Tela maƙwabcina yana riƙe da biro, ni ina riƙe da magana, direban motar katako ya kai miki har ƙofar kamfaninku. Me ya fi wannan?

In kin zo ba za ki gane garin ba. Tun da ƙungiyar gandun daji ta kafa injin tsaga katako a bakin hanya, babu mai zaman banza sai ni da tela. Ya ce in cire shi daga wannan magana, na ce ya rubuta kawai. Garin katakon da a da ake tarawa ya ruɓe, yanzu matse shi ake yi a inji ya fito dunƙule-dunƙule, a yi girki da shi ba hayaƙi. Gwaggonki tana wurin matse man irin maɗaci. Tana dawowa gida har zanenta ɗaci yake yi, amma ta yi wa ɗakinta sabon rufin kwano ba ta roƙi kowa ba. Samarin da suka tafi birni neman aiki sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, da jakunkunansu da 'yar kunyarsu. Ban ce abin bai yi kyau ba. Kada dai ki gaya wa baffanki na faɗi haka.

Kin san tun da aka ba shi shugabancin ƙungiyar muke 'yar tsama. Ya kira taro a kan tsohon sashen gandu, na bakin rafi, sai aka nuna mini benci na can baya, bayan masu kiwon zuma. Ni da na dasa wurin da hannuna. Ban jira an buɗe taro ba na kama sandata na fito. Tun ran nan, in ya zauna ya fara maganar daji sai in juya masa kunnen dama, ya yi ta yi shi kaɗai.

Maɗatan bakin rafi ba itatuwa ba ne kawai a wurina. Muna samari aka ba mu dashensu a kwanduna, kowa da layinsa. Har gobe in kin tsayar da ni gaban kowanne zan gaya miki mai shi: wannan na Dogo, wancan na Gurgu, na kusa da dutse na Mai Waƙa, wanda bai taɓa dasa komai bakinsa a rufe ba. Duk sun riga mu gidan gaskiya, sun bar ni ina gadin 'ya'yansu. Sai kuma na kakarki. Ita ruwa take kawo mana a lokacin, ba a ba ta dashe ba. Ta ga wani da aka yar don ya lanƙwashe, ta tsince shi ta dasa a gefen rafi, ta riƙa ba shi abin da ya rage a tulu. Har yau a karkace yake, kamar mai leƙen ruwa.

To makon jiya na je gaishe su, sai na tarar an bi manyan an shafa musu shuɗin fenti, tabo kamar tafin hannu, daidai ƙirjin mutum. Ba sai an gaya mini ba. A zamaninmu in malamin daji ya sari itace da gatari ya bar masa shaida, kwanansa ya ƙare. Gatarin ne ya koma buroshi, shi ke nan. Mafi kyawun cikinsu aka bi, miƙaƙƙu, waɗanda za su yi katako. Na kakarki kaɗai ne a layin ba a taɓa ba. Ko su ma sun ji nauyinta.

Ban yi faɗa da kowa ba. Kin san mutane kan ɓari jikin maɗaci don maganin ciki, babu tsohon da ba shi da tabo. Sai na ɗauki 'yar wuƙata da buhu, kullum bayan azahar in ma'aikata sun tafi hutu in bi su in ɗauke wurin fentin sama-sama, in shafe da laka. Wanda ya gan ni da buhu sai ya ce, “Sannu Baba, cikin ne?” In ce cikin ne. Masu sara in sun zo su nemi shaidarsu, mu gani.

Wannan magana daga ni sai ke sai tela, shi kuma na riƙe masa sirrin da ya fi wannan. Ki ci abinci da kyau, direba ya ce kin rame.

Angonki na fari,
Kaka


Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida gwaggo da tela. Lafiyata lau, kuma direba ya daina kai rahotona, ban rame ba. Allah Ya sawwaƙe gwiwar.

Kaka, don Allah ka sa tela ya karanta maka wannan ta kunnen hagu, a hankali. Yanzu ba a yin shaida irin ta da. Waɗanda aka shafa wa shuɗin fenti su ne za a bari. Iyayen iri ake ce musu. Malamar daji ce ke bin gandu tana zaɓen miƙaƙƙu masu lafiya, don daga jikinsu za a riƙa tsintar irin da ake renon dashe da shi, da wanda su gwaggo ke matsewa. Duk babban itacen da ba shi da fenti a sashen, shi masu inji za su kayar. Kuma daga wani gari ake ɗauko su, ba su san na Dogo ba, ba su san na Gurgu ba. Fenti kawai suke dubawa. Na san haka ne don duk gungumen da ya shigo mana ni ke duba daga inda ya fito.

Da na gama karanta takardarka sai da na nemi wuri na zauna. Na kira wayar tela, a kashe take. Na ɗauko lambar Baffa, sai na fasa. In ta bakina ya ji, abin zai zama shari'a, ku ƙara nisa da juna. Gara ya ji ta bakinka. Akwai sauran lokaci, don a saninmu ba za a fara sara ba sai ruwa ya ɗauke. Ka je wurin malamar daji tun yau, ka ɗauki buhun, ka gaya mata. Ba za ta cinye ka ba.

Na kakata kuwa, ban san yadda zan faɗa maka ba. Ba nauyinta suka ji ba, Kaka. Karkatacce ba ya shiga cikin iyayen iri. Amma a fara ceton sauran tukuna, sannan mu san abin yi a kansa.

Ka ajiye wuƙar nan, don Allah.

Amaryarka mai jin maganarka, in ka ji tata,
Jikarka


Zuwa ga jikata,

Bayan gaisuwa, ina tambayar lafiyarki, tunda ke ba ki tambayi tawa ba. Wata ya kusa zagayowa ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Tela ya ce ƙila kin samu wani ango mai haƙora ne. Na ce in haka ne a turo shi in gan shi, ya zo da shirin biyan diyya. In kuwa zancen rama ne ya ɓata miki rai, ba ni na faɗa ba, direba ne. Shi ma ɗin ya yi ɓatan dabo. An ce motarsa ta lalace a hanyar dawowa tana wurin makanike, don haka wannan takardar wani direba ne zai kawo miki, wani mai gajeren wuya da ba ya amsa gaisuwa.

Ni kam lafiya sumul. Tafiyar bakin rafi ta gyara mini gwiwa. Na gama aikina tsaf, babu sauran shuɗi a layin, buhu kuma yana ƙarƙashin gado. Rabon da in yi barci mai daɗi haka har na manta.

Ruwa ya ɗauke da wuri bana, saboda haka masu sara sun iso tun kafin lokacin da aka sa. Sun fara daga can ƙarshen sashen, ta wajen tudu. Na je kallo, ba zan ɓoye miki ba. Babbansu wani siriri ne mai ƙaramar murya, amma ya san aiki. Sai ya zagaya itace ya ɗaga kai ya dube shi, ya nuna wuri da hannu, ya yanke masa baki ta nan, ya koma ta baya, itacen kuma ya kwanta daidai inda aka nuna masa kamar an shimfiɗa masa tabarma. Mu a da kwana muke muna sara da gatari, in ya tashi faɗuwa kowa ya yi ta kansa. Kuma ba a barin komai a ƙasa. Rassa ana niƙa su a wani inji, ɓawo mata na kwashewa, a bayansu kuma wasu na haƙa ramukan sabon dashe. Na kai musu ruwan sanyi, har muka saba. Suna ce mini Mai Gandu. Kin ga baƙi sun san abin da 'yan gida suka manta.

Abu ɗaya na lura. A can wajen tudu akwai masu fenti jefi-jefi, kuma duk sun tsallake su, ƙananan suke ta kayarwa. Na ce wa tela ai dabara ce, manyan sai babbar mota ta gyaru, don ba za a kayar da su a bar su a ƙasa gara ta ci ba. Ya ce lallai na san aikin nan.

Malamar daji ta tafi wani kwas, an ce ta kusa dawowa. Baffanki kuwa shekaranjiya ya shigo da fara'arsa, wai yana da albishir a kan tsofaffin maɗataina. Na san irin albishir ɗin, za a ce za a yi mini kujera da ɗaya daga cikinsu. Na juya masa kunnen da ya dace. Ya gaji ya tashi.

Jibi ko gata za su sauko bakin rafi. Zan je in zauna gindin na kakarki in ga yadda za su yi ta neman shuɗinsu. Ki rubuto, ko da faɗa ne.

Kakanki


Jikata,

Ina gaishe ki. Lafiya muke, ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don abin da zai biyo baya.

Takardarki ta iso jiya da hantsi. Motar ta gyaru, direba ya zo da ita duk baƙin mai, ya ce a aljihun ƙofa ta yi zamanta duk tsawon kwanakin nan. Tela ya fara karantawa yana wasa da murya irin taki, sai na ga ya tsaya. Ya koma farko. Ya cire tabarau ya goge. Na ce ya karanta mana, ko an yi rasuwa ne? Da ya kai ƙarshe sai ya ce wai yanzu ya tuna, kamar an faɗi wani abu mai kama da haka a taron da baffanki ya kira. Ashe ya je taron nan, barci ya yi a jikin bango tun daga farko har aka watse. Wayarsa kuma tana wurin mai gyara tun kafin damina ta yi nisa. Da wannan mutumin na ƙulla sirri.

Ban tsaya neman hula ba. Direba ya ɗora ni a gaban mota, tela ya ɗauko buhun. Tun daga gada nake jin kukan inji ta wajen rafi.

Uku muka tarar a ƙasa. Na Dogo, na Mai Waƙa, da nawa na kaina, wanda na dasa da hannun nan. An riga an yanke musu rassa. Siririn nan ya gama zagaya na Gurgu ya tayar da inji. Ban san inda gwiwa ta samu ƙarfi ba, na je na jingina bayana da itacen. Ya kashe inji ya ce, “Mai Gandu, ka gaji da duniya ne?” Na ce a kira mini shugaban ƙungiya.

Baffanki ya zo a kan babur. Ban yi dogon bayani ba, na karɓi buhun na zazzage a gabansa. Ɓawo ya zube, kowanne da shuɗinsa. Ya dubi ɓawon, ya dubi gumaguman da ke kwance, ya cire hula ya zauna a kan na Dogo. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Can ya ce, “Baba, sau nawa na zo in gaya maka? Ni na roƙi malama ta fara duba layinka.”

Na ce, “Ta wane kunne ka zo?”

Masu sara suka fashe da dariya, suka kuma haɗiye ta da suka ga fuskarsa. Shi ma daga baya sai da ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko dariya ce ko wani abu, ban kuma tambaya ba.

An tsayar da aiki. Yau da safe malamar daji ta dawo, aka kai ta wurin kai tsaye da jakarta. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi ki ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta wanke ni tas ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce wata da watanni ta yi tana zaɓen itatuwan nan, kuma nawa da aka kayar shi ne ya fi kowanne kyau a gandun duka, da shi ta yi niyyar fara renon bana. Ta ce irin da uku ɗin nan za su zubar a shekara ɗaya ya isa a dasa tudu guda. Ni na ɗauka yabo zan ji daɗinsa a duk inda ya zo. Wannan bai yi daɗi ba.

Sai ta buɗe gwangwanin fenti ta miƙo mini buroshi, ta ce wanda ya cire shi zai mayar. Muka bi layin, ina nuna mata inda na shafa laka, tana sake duba itacen daga gindi har sama, in ta gyaɗa kai in shafa. Ina shafawa ina gaya mata mai shi. Ta ce in dakata, ta ciro littafi ta riƙa rubuta sunayen a gefen lambobinta. Yanzu a littafin hukuma akwai Gurgu. Da yana raye da ba mu huta da shi ba.

'Yan kwamiti sun ce in tsaya gaban taro in faɗi abin da na yi da bakina, don kada wani tsoho ya kwaikwaya. Na ce na yarda, amma daga benci na gaba zan tashi.

Da muka zo na kakarki malama ta tsaya, na tsaya. Ba ta miƙo gwangwani ba, ni kuma ban roƙa ba. Wanda ya kashe uku masu kyau da wane baki zai roƙi a bar masa karkatacce? Ta dai ce wa siririn ya bar shi sai ƙarshe.

Kin yi gaskiya, amarya. Kada ki saba.

Kaka


Kakana,

Gaisuwa da fatan ka huta. Baffa ya kira ni ya ba ni labari tun kafin takardarka ta iso. Ya ce in gaya maka ta nan, tunda ta nan kake ji, cewa bai riƙe ka da komai ba.

Ni ce ban yafe wa kaina ba tukuna. Da na ga shiru ya yi yawa, da na kira shi kawai. Na tsaya kare maka kunya har aka rasa uku. Naka ma a ciki.

Na yi magana da malamar daji a kan na kakata. Ta ce itace ɗaya ba zai hana gandu numfashi ba, akwai farin fenti da ake shafa wa wanda aka bari don wani dalili ban da iri. Ta ce maganar tana hannunka. Don Allah ka karɓa. Ba roƙo ka yi ba, ni na roƙa, kuma ni ban kashe komai da wuƙa ba. Kada ka sa taurin kan nan a ciki.

Tela kuma a gaya masa ya riƙa zama a gaba shi ma.

Jikarka


Zuwa ga jikata, amarya mai roƙa wa mutane abin da ba su aike ta ba,

Ina gaishe ki da kyau. Muna lafiya. Gwaggonki ta ce a gaya miki an ƙara musu injin matsa na biyu, yanzu ita ce ke koya wa sababbi, har tafiyarta ta canza. Ki cire damuwar uku ɗin nan daga ranki. Ba ke kika riƙe wuƙa ba.

An yi taro, na tashi na faɗi abin da na yi. Na so in taƙaita, amma da na ga an yi tsit ana saurare sai na haɗa musu da tarihin gandun tun daga kwandon farko. Baffanki ya yi ta duban agogo. Tela bai yi barci ba, na sa gwaggonki ta zauna bayansa da allura.

Malama ta zo da farin fentinta kamar yadda kika ce. Muka tafi bakin rafi mu biyu. Ta buɗe gwangwani, na ce ta dakata. Na ɗaga sandata na ƙwanƙwasa gindin, ya amsa da ƙarfi. Na miƙa hannu na ƙwanƙwasa sama, wajen da babban reshe ya taɓa karyewa. Ko da kunne ɗaya na ji. Ruwa ya daɗe yana shiga ta nan, ya fara cin cikinsa daga sama yana saukowa. Na san da haka shekara biyu ko uku, ina zuwa in zauna a gindinsa in ƙi ɗaga kai. Malama ma ta ji. Na tambaye ta in an bar shi fa? Ta ce zai yi wasu damuna yana tsaye, wata rana iska ta kayar da shi a kan sabon dashen da ke ƙasa, lokacin kuma ko itacen girki ba zai yi kirki ba.

Na zauna na yi tunanin kakarki. Matar da ba ta iya ganin tsumma a ƙasa ta wuce. In na bar itacenta ya ruɓe a tsaye don in samu wurin jingina, ba zan iya haɗa ido da ita ba ranar da muka gamu. Na ce wa malama ta rufe gwangwaninta. Ta ce in kwana da maganar. Na kwana, na tashi da ita yadda take.

Kada ki ce taurin kai ne. Ko ki ce, ba zai canza komai ba, an riga an yi.

Siririn ya yi mini kara. Ya ce in nuna inda nake so ya kwanta. Na nuna masa gefen tudu, nesa da sabon dashen. Karkatarsa ta ruwa ce, sai da suka ɗaura masa igiya suka ja, suka sha wahala, amma inda na nuna ya kwanta. Baffanki na tsaye kusa da ni ta hagu. Ya riƙe mini sanda lokacin da na sunkuya tsintar 'ya'yan da suka zube. Malama ta ce waɗannan ba za su shiga wurin reno ba, na sani ko? Na ce aljihuna ba wurin renonta ba ne. Akwai fili bayan ɗakina.

Saman da ya ruɓe an yanke an ba masu niƙa. Gindin kuwa lafiyayye ne, ya fi ƙarfin injin garinmu, an ce sai naku. Yana kan motar da ta kawo miki takardar nan, shi da na Dogo da na Mai Waƙa da nawa. Ba za ki sha wahalar gane shi ba, shi ne wanda ya ƙi kwanciya daidai da sauran, sai da aka tokare shi da waigi. In kin gama karantawa ki fita ki tarbe su, kada a sauke su kamar baƙi.

Ban ce a yi mini kujera ba, ban ce a yi mini gado ba. Ku yi abin da kuka saba yi, a sayar wa masu bukata su zauna. Abu ɗaya nake so. Siririn ya ce mini karkataccen itace ya fi miƙaƙƙe zane a ciki, amma ba a gani sai an tsaga shi a tsaye. Ranar da za a sa shi a inji ki bar teburinki ki je ki tsaya. Ki duba da kyau, ki rubuto mini yadda cikinsa yake. Tun ina saurayi bayansa kawai nake gani.

Kakanki